Hadda Ko Jimla? Hanyoyin Koyon Phrasal Verbs Da Wadda Ta Fi Dacewa Da Kai

Duk shekara da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, ɗakunan lesin na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru sukan cika maƙil, kuma akwai tambayar da ba ta ƙarewa a wurin mu masu koyar da Turanci: kalmomin nan irin su give up da put off da look after, ta yaya mutum zai riƙe su? Turawa na ce musu phrasal verbs. Aikatau ne da ake liƙa masa wata 'yar ƙaramar kalma, up ko off ko out ko in, sai ma'anarsa ta juya. Ni a aji nakan kira ƙaramar kalmar ɗan rakiya, kuma haka zan kira ta a nan.

Wahalar ba ta ɗan Zariya ba ce shi kaɗai. Tun a gabatarwar ƙamus ɗinsa na 1755, Samuel Johnson ya nuna cewa irin wannan haɗi ne ya fi ba baƙin harshe wuya. Yaro ya san put, ya san off, amma idan ka ba shi "The wedding has been put off", babu abin da zai nuna masa cewa ɗage bikin aka yi. Kuma ba abu ne da za a kewaye ba. Wasu masana biyu, Dee Gardner da Mark Davies, sun bi wata taskar rubutu da maganar Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100, suka wallafa a 2007 cewa mai karatu yakan ci karo da guda ɗaya a kusan kowace kalma 150. Ke nan da wuya shafin littafi ya rasa biyu.

Hanyoyi uku na ga ana bi a garin nan. Akwai haddace jeri, akwai koyon ma'anar ɗan rakiyar, akwai kuma riƙe su a cikin cikakkiyar jimla da maimaitawa. Tun da lokaci da kuɗi ba su isa a yi komai, dole mutum ya zaɓi wadda zai jingina da ita. Ra'ayina tun daga farko: ta uku ce ginshiƙi, ta biyu mataimakiya ce mai daraja musamman ga Bahaushe, ta farko kuwa ta fi kowacce sauƙin farawa amma ta fi kowacce ƙarancin riba.

Jeri shi ne abin da kowa ya taso ya tarar. Malam ya rubuta GET da manyan baƙaƙe a saman allo, ya jero get up, get on, get off, get over, get by, get through, get away with, kowanne da ma'anarsa kalma ɗaya a gefe. Gobe a yi PUT, jibi a yi TAKE. Ƙananan littattafan shirin jarrabawa da ake sayarwa a shagunan Sabon Gari da Samaru yawancinsu haka aka tsara su. Ba zan raina hanyar ba, domin tana da abin da sauran ba su da shi. Ba ta neman waya, ba ta neman data, ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Malamin da ke gaban yara tamanin zai iya tafiyar da ita da alli kawai. Yaranmu kuma Allah ya hore musu hadda. Uba idan ya buɗe littafin ɗansa ya ga shafuka cike, hankalinsa yakan kwanta cewa kuɗin lesin bai tafi a banza ba.

Amma ga abin da ke faruwa a kai a kai. Wata yarinya 'yar ajin ƙarshe na sakandare ta kawo mini littafinta, ta ja layi da jan biro ƙarƙashin kowace kalma a shafin GET. Ta rufe littafin ta karanto su tsaf, ba gargada. Sai na rubuta mata "He has not yet got ____ the death of his mother", na ba ta zaɓi huɗu: by, over, off, away. Ta daɗe tana kallon takardar, leɓɓanta na motsi, tana bin jerin daga sama zuwa ƙasa. Can ta ce, "Malam, wallahi duk na san su, cakuɗe mini suka yi." Na ce mata, "'Yata, ba kanki ne bai ja ba, tare aka zuba miki su."

Abubuwan da suka yi kama da juna, idan aka koye su a zama ɗaya, shiga juna suke yi. Thomas Tinkham a 1993 da Rob Waring a 1997 sun gwada haka da kalmomi 'yan gida ɗaya, suka ga ɗalibai sun fi daɗewa kafin su riƙe su, in aka kwatanta da kalmomin da ba abin da ya haɗa su. To ina ga kalmomi goma sha biyar da duk suka fara da get, bambancinsu harafi biyu ko uku a ƙarshe?

Akwai kuma abu biyu da jeri ke ɓoyewa. Na ɗaya, mazaunin kalma. Ana cewa "turn off the radio" ko "turn the radio off", duka daidai, amma da zarar it ta shigo dole ta zauna a tsakiya, "turn it off", ba a cewa "turn off it". Look after kuwa ba ya rabuwa ko da wane hali, "look after him" ne. Look forward to kuma aikatau mai -ing yake ja, "I look forward to seeing you", kuma nan ne masu rubuta wasiƙa a WAEC ke zubar da maki shekara da shekaru. Jerin da ya ce maka turn off na nufin kashewa bai gaya maka ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na biyu, yawan ma'ana. Take off na jirgi daban, na tuɓe riga daban, na kasuwancin da ya fara bunƙasa daban. Gardner da Davies sun ƙirga ma'anoni 559 a guda 100 kacal da suka fi yawo. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya yana ganin ya gama da kalmar, alhali sauran na nan na jiransa a jarrabawa.

Hanya ta biyu ta juya al'amarin: maimakon a tara su ƙarƙashin aikatau, sai a dubi ɗan rakiyar, a tambayi abin da yake ƙarawa. A nan Bahaushe yana da gata da bai sani ba, domin harshenmu yana yin aikin nan, sai dai a ƙarshen aikatau yake yin sa. Mun san bambancin ya ci da ya cinye, ya sha da ya shanye, ya saya da ya saye. Wannan ƙarasawa har ƙarshe ita ce up take yi a eat up da drink up da buy up da use up. Mun san zuba da zubar, jefa da jefar, inda abu ke barin hannun mai shi, kuma kusan haka away da out suke yi a throw away da pour out. Mun san fita da fito, koma da komo. F. W. Parsons ya tsara waɗannan sauye-sauye na aikatau ɗin Hausa zuwa aji bakwai a 1960, kuma har yau da tsarinsa ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'i. Duk lokacin da na rubuta sha da shanye a gefe guda na allo, drink da drink up a ɗaya gefen, ina ganin yadda fuskokin yara ke sakewa. Abin da suke ɗauka hauka ne na Turanci sai ya zama abin da suke yi tun suna goye.

Daga nan sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Out yakan nuna fitowa fili, kamar find out da point out da turn out, ko kuma ƙarewa ƙaf, kamar run out da sell out. Off yakan nuna yankewa ko rabuwa: cut off, switch off, call off, jirgi ya rabu da ƙasa a take off. On yakan nuna ci gaba: go on, carry on, keep on. Down yakan nuna raguwa ko tsayawa: slow down, calm down, break down, close down. 'Yan rakiyar da suka fi yawo ba su kai ashirin ba, don haka mako ɗaya ko biyu ya isa a zagaya su. Ribar wannan hanya tana fitowa ne ranar da ka haɗu da wanda ba ka taɓa gani ba. Sachiko Yasuda ta gwada ta da ɗaliban jami'a a Japan, ta wallafa a 2010 cewa waɗanda aka koya wa ma'anar 'yan rakiyar sun fi takwarorinsu cankar ma'anar sababbin da ba a koya musu ba. A ɗakin jarrabawa, inda zaɓi huɗu ke gabanka, iya jefar da biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ina gargaɗin masu son su mai da ita komai. Tana bayyana abu bayan ka san shi fiye da yadda take ƙera maka shi. Wace ma'anar up ce za ta kai ka ga put up with, wato jure wa abu? Ko make up, wanda yake nufin ƙirƙiro labari, yake nufin shiryawa bayan faɗa, yake kuma nufin kwalliya? Give in da give up da give out fa? Mafi muni, ɗalibin da ya ji ya gane dabarar sai ya fara ƙera nasa. Ya ji cewa up na ƙarfafa magana, sai ya rubuta "cope up with", alhali cope with ne. Ya ji out na nufin fitarwa, sai ya rubuta "voice out". Sannan hanyar tana buƙatar malamin da ya san harsunan biyu da kyau, wanda zai faɗa wa yara inda kamannin ya tsaya. Irin wannan malami ba a kowane lesin ake samun sa ba.

Hanya ta uku ba ta da ƙyalli. Ka ɗauki kaɗan, waɗanda suka fi yawo a bakin masu harshen, ka riƙe kowanne a cikin jimla, ka riƙa komawa kansu. Abin da ya sa take aiki lissafi ne: binciken Gardner da Davies ya nuna guda 100 kawai sun ɗauke fiye da rabin duk inda phrasal verb ya fito a taskar da suka duba. Ƙamus na musamman yana ɗauke da dubbai, amma ba dubbai kake buƙata ba. A 2015 Mélodie Garnier da Norbert Schmitt na Jami'ar Nottingham suka fitar da jerin da ake kira PHaVE List, mai guda 150 da ma'anoninsu 288 da suka fi muhimmanci, kowace ma'ana da jimlar misali. Kyauta yake a intanet, kuma ana iya bugo shi a kowane shagon fotokwafi na bakin jami'a. Na sahun gaba su ne go on, pick up, come back, come up, go back, find out. Za ka lura ba masu ban tsoro ba ne, kuma ba su taru ƙarƙashin aikatau ɗaya ba.

Yadda nake sa ɗalibai su yi shi ne, a yanka kwalin sabulu ko na shayi ƙanana. A fuska ɗaya a rubuta jimla da gurbi, a bayanta a rubuta amsa. Sharaɗin shi ne jimlar ta fito daga rayuwar mai katin. "Our bus broke ____ at Kwangila." "We ran ____ of fuel before Jaji." "My uncle set ____ a shop in Sabon Gari market." "The lecture was called ____ because of the rain." Wanda motarsu ta taɓa mutuwa a ƙarƙashin gadar Kwangila da tsakar rana ba zai sake manta broke down ba. Kati ɗaya, ma'ana ɗaya; idan pick up na da ma'ana uku da kake so, kati uku za ka yi, kuma ba rana ɗaya ba. Biyar sababbi a rana sun isa, kuma kada biyu daga cikinsu su fara da aikatau ɗaya. A faɗi jimlar da baki, sannan a sake faɗin ta da it ko him, don a ji inda kalmar ke zama.

Sai maimaitawa, wadda ita ce ran abin. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mafi yawan mantuwa a farko-farko take faruwa, sannan ta lafa. Don haka katin yau a duba shi gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. Wanda ya gagara ya koma farkon layi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ba tare da an ambaci wani Bajamushe ba: ba a wanke allo sai an biya, kuma wanda ya bar tilawar baya yana ta ƙarin sabo, ranar da aka ja masa baƙi daga tsakiya zai tsaya. Mai wayar Android zai iya sauke AnkiDroid, kyauta ce, tana aiki ba data, ita ke lissafa ranar da kowane kati zai dawo. Amma kwali ma ya wadatar, kuma ba ya mutuwa don rashin caji.

Wani dalilin da ya sa na fi ƙarfafa wannan hanya shi ne Turancin da ke kewaye da mu ba zai gyara mana ba. A titi da ofis da aji muna jin "off the light" da "on the fan", muna jin "pick the call" ba tare da up ba, muna jin mai jawabi ya ce zai "round up" alhali round off yake nufi, domin round up tattara mutane ko dabbobi ne. Wannan Turancin Nijeriya ne, yana biyan buƙata tsakaninmu, ban ga abin kunya a cikinsa ba. Sai dai mai duba takardar WAEC ba da shi yake aiki ba, kuma kunnen da ya saba da shi zai ce maka kuskuren ne daidai. Ba abin da ke kankare wannan sai jimla ingantacciya da baki ya maimaita har ya saba. Sauraron shirye-shiryen koyon Turanci na BBC yana taimakawa ƙwarai. Kallon finafinai kawai ba tare da biro a hannu ba kuwa, yana saba wa kunne da sautin, amma kaɗan ne ke zama.

Aibinta a fili yake. Tana da jinkiri, kuma ba mai tsaya maka a kai. A makon farko mai jeri zai nuna maka sittin a littafi, kai kana da talatin a aljihu. Mutane da yawa sukan watsar kafin wata ya cika. Sannan jerin PHaVE daga Turancin Amurka aka ciro ma'anoninsa, jarrabawoyinmu kuwa sun fi karkata ga na Birtaniya. Ba'amurke yakan ce fill out a fom, Bature ɗan Ingila yakan ce fill in. Masu tsara tambayoyi kuma suna son waɗanda ba su cika yawo ba, irin do away with da fall out da bear out. Dole a cike wannan giɓi daga wani wuri.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? Mai shirin JAMB ko WAEC ko NECO da ya rage masa wata biyu ko uku, ya fara da mako guda a kan 'yan rakiya, sannan ya buɗe tambayoyin shekarun baya, duk phrasal verb da ya gani ya mai da ita kati da jimlarta. Wannan ya fi kowane jeri sanin abin da masu jarrabawa ke so. Amma ya tuna Turanci tambaya 60 ne cikin 180 na JAMB, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka shafi wannan babi. Kada ya cinye lokacin fahimtar nassi da sauran darussa.

Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko na kwalejin kimiyya ta Nuhu Bamalli da ke fuskantar rubutun furojet, buƙatarsa ta bambanta. Rubutun ilimi ya fi son postpone a kan put off, ya fi son investigate a kan look into. Waɗanda zai riƙe 'yan kaɗan ne masu shiga ko'ina: carry out, point out, set out, bring about, account for. Ya tsinto su daga muƙalun fanninsa a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ya ga yadda marubutan suka zaunar da su. Shi kam bai ma buƙatar lesin.

Ma'aikaciyar jinya ko likita a asibitin koyarwa na Shika da ke shirin jarrabawar Turanci ta IELTS don aiki a waje, hanya ta uku ce tata ba tantama, kuma da baki, tare da abokiyar yi. A ɓangaren magana na jarrabawar ana duba ko mutum na iya amfani da irin waɗannan kalmomi a inda suka dace, kuma cusa su barkatai rage maki yake yi. Bayan jarrabawar ma aikin na nan, domin majinyaci a Ingila ba zai ce vomit ko faint ba, throw up da pass out zai ce, ya ce ciwon ya flare up, maganin ya wear off. Mu a Zariya pass out mun fi sanin sa da faretin yaye sababbin sojoji a Depot, kuma wannan ma'ana daidai ce, amma a gadon asibiti suma ake nufi. Irin wannan sai a jimla ake rarrabe shi.

Ɗan kasuwa mai mu'amala da baƙi ko mai sayayya ta waya, talatin sun ishe shi: pay back, send back, run out, pick up, drop off, sort out da makamantansu. Ya sa wani ya naɗa masa jimlolin a waya, ya riƙa ji yana maimaitawa a shago.

Malamin da ke da aji mai cunkoso kuma ba abin aiki sai allo, ba sai ya yar da jeri ba, ya sake masa tsari ne. Maimakon shafin GET, ya yi shafin tafiya: set off, get on, break down, drop off, get back, duk a cikin ɗan labari guda na zuwa Kaduna. Aikatau daban-daban, yanayi ɗaya, cakuɗewa ta ragu, kuma minti biyar na farkon kowane darasi a ba na makon jiya.

Uba ko uwa da ke shirin biyan kuɗin lesin, a leƙa littafin wani ɗalibin wurin kafin a biya. Idan jeri ne zalla da ma'ana kalma ɗaya ɗaya, a tambayi malamin yaushe yara ke yin jimlar kansu, yaushe kuma ake komawa kan na baya. Bayan wata guda a gwada yaron a gida, ko da iyayen ba su yi boko mai zurfi ba: a nuna masa rediyo a ce ya faɗa da Turanci a kashe ta ba tare da ya ambaci sunanta ba. Idan ya ce "turn it off", ana koya masa yadda ya kamata. Idan ya ce "off it" ko "turn off it", a koma a yi magana da malamin.